Idan murjani ya fara zubar da nama, filaya ake nema kafin kafso

Akwai wata cuta da masu kiwon murjani a tankin gilashi suke tsoro fiye da kowace. Za ka kwanta ka bar reshen da ya shekara uku ko huɗu yana girma, launinsa shuɗi ko kore shar, gari ya waye ka tarar rabinsa ya koma fari fat kamar alli, naman da ke lulluɓe da shi yana saɓulewa yana yawo a ruwa kamar yagaggen tsumma. Kafin la'asar babu abin da ya rage sai ƙashi. Turawa masu wannan harka suna taƙaita sunanta da haruffa uku, RTN, wato mutuwar nama cikin gaggawa. Tana da ƙanwa mai tafiyar hawainiya, STN, wadda ke ɗaukar kwanaki ko makonni tana ci daga gindi zuwa sama.

Sana'ata ita ce kula da tankunan kifi a otal-otal da ofisoshi da wasu gidaje a nan Akra. Yawancinsu na ruwan daɗi ne, amma akwai 'yan kaɗan na ruwan gishiri waɗanda ake kiwon murjani a ciki. Na san wani zai ce, malam, ana fama da kuɗin haya da kuɗin makaranta, wa ke ta murjani? Gaskiyarsa. Sai dai maganar ba a cikin gilashi take tsayawa ba. Tana fita ta biya ta shagon kemis, ta gangara kwata, kuma daga nan ta shafi wanda bai taɓa ganin tankin ba ma.

Mu dai murjanin da muka taso muka sani shi ne jan dutsen ado na wuyan iyayenmu mata, sai kuma ambatonsa da ya zo sau biyu a Suratur Rahman. Shi wancan ja na ainihi daga Bahar Rum aka fi samo shi, kuma danginsa daban da wanda nake magana a kai. Wani dattijo ya taɓa tsayawa a kaina ina aiki, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaro, wannan abu dutse ne ko tsiro?" Na ce, "Baba, ko ɗaya. Dabba ce." Sai ya yi tasbihi ya wuce.

Dabba ce kuwa, ko in ce taron dabbobi. Kowane reshe ɗaruruwan 'yan ƙananan halittu ne da suka haɗa jiki, kowace da bakinta da 'yan yatsunta kewaye da shi. Suna zuƙo sinadarai daga ruwan teku su gina ƙashi irin na farar ƙasa a ƙarƙashinsu, su kuma suna shimfiɗe a kai kamar fata, siririya ƙwarai. A cikin wannan naman akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke haɗa abinci da hasken rana ta ciyar da mai masaukinta, kuma daga ita ne yawancin launin yake fitowa. Gaɓar tekunmu ta Gana ba ta da irin waɗannan tsaunukan murjani na ruwa maras zurfi, don haka wanda ke cikin tankunanmu baƙo ne. Daga Indunusiya ko Ostireliya aka fi ɗauko shi, a ƙulle cikin leda, ya sha doguwar tafiya a jirgi. Yakan iso a galabaice, shi ya sa makon farko ya fi kowane lokaci haɗari.

Ba kowane fari ne cutar ba

Abin da na fara yi idan aka kira ni shi ne in ɗauki tocila da gilashin ƙara girma in duba farin da kyau, domin abu uku ne ke kama da juna.

Akwai koɗewa. A nan naman yana nan daram, gansakukar ce kawai ta fice saboda zafi ko yawan haske. In ka zuba ido za ka ga 'yan yatsun suna motsi. Wannan murjani yana da rai, kuma yana iya dawowa in an gyara masa zama. Wanda ya kama shi ya yanyanka ya yi ɓarna a banza. Akwai kuma ɓarnar ƙwari. Wata tsutsa ce faffaɗa mai cin nau'in Acropora, launinta ya saje da na reshen har ba ka ganinta, sai dai tabon cizonta da ƙwayayenta da take mannawa a gindi. Ita maganinta wanka ne da kankare ƙwai.

Na ukun shi ne abin tsoron. Za ka ga iyaka a fili tsakanin nama mai launi da farin ƙashi tsirara, kamar an ja layi da reza, gefen naman kuma yana ɗagowa. Ni nakan ɗauki hoto da waya, in jira rabin awa in sake ɗauka. In layin ya matsa, to magana ta ƙare. Acropora ta fi kowa faɗawa, sai wasu masu siraran rassa irin su Pocillopora da Seriatopora.

Me ke kawo ta? Masana sun daɗe a kan wannan, kuma abin da suka gano ya fi kama da taron dangi. A 2007 wasu masu bincike a Italiya sun ruwaito cewa sun sami bakteriya ta dangin Vibrio da yawa a jikin murjanin da ya kamu, musamman wadda ake kira Vibrio harveyi. Wannan dangi ba baƙo ba ne a wurinmu, domin ƙwayar kwalara da ta addabi Akra a 2014 'yar gidan ce. Akwai kuma wasu halittu masu gashi-gashi da ake kira Philaster, waɗanda ake tararwa a bakin layin suna cin naman.

Amma binciken da ya fi taɓa ni daga Zanziba ya samo asali. A farkon shekarun 2000 Yael Ben-Haim da Eugene Rosenberg sun ruwaito cewa sun ciro wata bakteriya daga jikin murjanin da ya kamu a can, aka sa mata suna Vibrio coralliilyticus. Da suka gwada ta, sai suka ga a ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 26 iyakarta ta sa murjani ya koɗe. Daga digiri 27 zuwa sama kuwa sai ta shiga narkar da naman. Ƙwaya ɗaya, murjani ɗaya, bambancin digiri biyu kacal.

To, ka auna wannan da halin da muke ciki. Tankin murjani yana son digiri 25 zuwa 26, dare da rana. A watan Maris ɗaki a Akra yana haura 30 cikin sauƙi. Da zarar an ɗauke wuta, na'urar sanyaya ruwa ta tsaya, famfunan da ke kaɗa ruwa sun tsaya, iskar shaƙa ta fara ƙarewa. A 2015 da dumsor ya yi tsanani, ana wuni a kwana babu wuta, duk tankin da ba shi da janareta mai tashi da kansa ya ji jiki. Har yanzu ma yawancin kiran da nake samu, in na bi sawu, sai in tarar da wani abu ya faru kwana ɗaya ko biyu kafin nan. A wani ofis manaja ne ya ba da umarni a riƙa kashe na'urar sanyaya ɗaki daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin, don a rage kuɗin wuta. Bai yi da mugun nufi ba. Ranar Talata rassa huɗu suka tuɓe. Ƙwayoyin cutar dama suna cikin ruwan tun tuni, ba sa iya komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zafi ba shi kaɗai ke tsaga bangon ba. Akwai ma'aunin da muke kira KH, wanda ke nuna yawan sinadarin da murjani ke gina ƙashi da shi, mai ɗan kama da kanwa a aikinsa. Tsakanin 7 da 9 ake so, amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne kada ya yi ta hawa da sauka. Haka gishiri, giram 35 a kowace lita. Ruwa ya ƙafe a manta a ƙara, ko a ƙara da yawa lokaci guda, duk tsagewar bango ce.

Abin da nake yi a awa ta farko

Yanka. Wannan ita ce kalmar da mai tanki ba ya son ji, kuma na fahimce shi. Mutum ya kashe dubban sidi, ya shekara yana kallon abu yana girma kamar ɗan da ya haifa, sai ka zo da filaya ka ce za ka farfasa. Wasu sukan ce a bari zuwa gobe a gani. Wallahi a wannan cuta babu gobe.

Nakan ciro murjanin gaba ɗaya daga tanki in sa a bokiti da ruwan tankin, don kada in watsa ruɓaɓɓen nama ga maƙwabtansa. Sai in auna kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu daga bakin layin zuwa cikin lafiyayyen nama, in datse a nan. Ba a yanka a kan layi. Abin da ido ke gani a matsayin iyaka, cutar ta riga ta wuce shi. Kuma gara ƙananan yanka da yawa daga can ƙarshen rassa, waɗanda suka fi nisa da ɓarnar, da ƙoƙarin ceto babban guntu guda. Bayan kowane yanka ina wanke filayar, in ba haka ba ni da kaina zan zama mai raba cutar.

Guntayen sai su shiga wankan aidin, irin wanda aka haɗa don murjani, na minti 10 zuwa 15 bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba. Daga nan a ɗauraye su a ruwan gishiri mai tsabta. Bakin yankan ina toshe shi da sufa gulu mai kauri, wanda kowa ya sani ɗin nan, domin yana daskarewa a ruwa kuma ba ya cutar da su. Sai in manna kowane a kan ɗan dutse, in kai su wani tankin daban mai kaɗawar ruwa sosai da haske matsakaici. Gindin da ya kamu kuwa shara ne. Ba a mayar da shi don tausayi.

Sannan a koma kan babban tanki. A zuƙe duk naman da ke yawo, a sa sabon gawayin tace ruwa, a canja kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da wanda gishirinsa da zafinsa suka yi daidai da na ciki. In ruwa ya yi zafi, fanka a saman tanki da robar ƙanƙara a rufe suna taimakawa, amma a hankali. In KH ya faɗi, kada a ɗaga shi fiye da maki ɗaya a rana. Na sha ganin inda gyaran gaggawa ya kashe abin da cutar ta bari.

Wani abu da nake nanata wa yaran da ke koyon aiki a hannuna: safar hannu dole ce, kuma kada wanda ya kuskura ya zuƙi tiyo da baki kamar mai ɗiban fetur. Ƙashin murjani yana da kaifi, kuma wasu daga cikin dangin Vibrio suna shiga rauni su kwantar da mutum.

Ba kullum ake dacewa ba. Wani lokaci cikin yanka goma bakwai su rayu, wani lokaci uku, wani lokaci ka wayi gari duk sun bi uwarsu. Wanda ya tsallake kwana uku yakan tsira. Bayan mako biyu ko uku sai ka ga nama ya fara rarrafowa yana rufe gulun, yana kama dutsen.

Maganar kafso

Kusan duk mai tanki, da ya ji kalmar bakteriya, tambayar da ke biyowa ita ce, "To ba a sa kafso?" Ga kemis nan a bakin titi, kuma mun san yadda ake sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a unguwanninmu ba tare da takardar likita ba, kamar ana sayen goro.

Ba zan ce maganin ba ya aiki ba. A 2014 Michael Sweet da abokan aikinsa sun wallafa gwajin da suka yi a tsibiran Los Roques na Benezuwela, a kan wata cuta mai kama da wannan da ke cin murjanin Acropora a teku. Magunguna huɗu suka gwada. Biyu, ampicillin da paromomycin, sun tsayar da cutar. Sauran biyun ba su tsayar ba. Metronidazole, wanda muka fi sani da Flagyl, ya kawar da halittun nan masu gashi-gashi amma nama ya ci gaba da zuba. Ka ga ke nan ba kowane kafso ba ne, kuma wanda ya tsaya gaban tanki da ido kawai ba shi da hanyar sanin wace ƙwaya yake yaƙa.

A shekarun 1990 masu kiwon murjani a Amurka sun rungumi chloramphenicol. Wannan magani yana iya hana ɓargon mutum yin jini, ko da yake ba kasafai ba, shi ya sa Amurka da Tarayyar Turai suka haramta ba da shi ga dabbobin da ake ci. Yanzu kuma yayin ciprofloxacin ake yi. Ana niƙa ƙwayar a zuba a tanki kwana da kwanaki.

Matsalar farko a cikin tankin take. Ruwan yana zama lafiya ne saboda wasu bakteriya masu amfani da ke zaune a duwatsu suna narkar da kashin kifi. Magani bai san na gida ba, bai san baƙo ba. In ya taɓa su, gubar kashin ta taru, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Matsala ta biyu ita ce ta sa na rubuta wannan. Ruwan da aka jiƙa da magani, ina ake zubar da shi? A kwata. A yawancin unguwannin Akra kwata kogin Odaw take nufa, daga nan tafkin Korle, daga nan teku. Ciprofloxacin ba ya saurin lalacewa a ruwa. Kuma shi ne ɗaya daga cikin magungunan da likita ke ɗauka idan ɗanka ya kamu da taifot. Duk lokacin da ƙwayoyin cuta suka zauna cikin ɗan tsarkin magani wanda bai kai ya kashe su ba, horo ake ba su. A 2016 wata taifot ta ɓulla a Haidarabad ta lardin Sindh a Pakistan wadda ba ta jin chloramphenicol, ba ta jin ampicillin, ba ta jin dangin ciprofloxacin, ba ta jin ceftriaxone. Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane asara.

Na san tankunan murjanin da ke Akra ba su taka kara sun karya ba in aka kwatanta da gidajen kaji da asibitoci. Amma ɗabi'ar guda ce, ta zuba magani a kan abin da ba a tantance ba. Ni a aikina ba na sa shi a babban tanki ko an roƙe ni. In murjani ne da ba za a sake samun irinsa ba, to a ƙaramin tanki na daban, da shawarar likitan dabbobi, a tace ruwan da gawayi kafin a zubar, gawayin kuma a kai shi inda ake ƙona sharar magani. Mai tankin da bai yarda da wannan ba yana iya neman wani.

Akwai inda ake sa maganin a cikin teku ma, kuma ban ga laifinsu ba. A 2014 wata cuta mai tuɓe nama ta ɓulla kusa da Mayami a jihar Fulorida. Ta kama nau'in murjani fiye da 20, ta bi tsaunukan jihar kaf har ta kai Dry Tortugas a 2021, ta kuma tsallaka Jamaika da Mekziko da wasu tsibiran Karibiyan. Abin mamaki, Acropora da ke fara faɗuwa a tankunanmu ita wannan cuta ba ta dame ta ba. Manyan murjani masu kama da dutse take ci, waɗanda wasunsu sun shekara ɗaruruwa. Irin waɗannan ba ka ciro su ka sa a bokiti. Don haka masu ninƙaya, da izinin hukuma, suke kwaɓa amoxicillin cikin wani man shafawa na musamman su liƙa shi a kan layin cutar kaɗai, inda yake sakin maganin sannu a hankali. A gwaje-gwajen da aka yi, kusan tara cikin goma na raunukan da aka shafa sun tsaya. Amma ba ya hana sabon rauni fitowa a wani gefen, sai an yi ta komawa. Su kansu masu aikin ba su ɗauke shi mafita ba, shi ya sa cibiyar Smithsonian da ke Fort Pierce take gwada wata bakteriya mai amfani da aka ciro daga murjanin da ya jure cutar, don ta yi aikin da kafso ke yi.

Wani abin da suka yi kuma ya fi kusa da sana'ata. Sun riga cutar isa wasu wurare, suka kwashe lafiyayyun murjani kusan 2,000 suka rarraba wa gidajen namun daji da gidajen kallon kifi a sassan Amurka, a ajiye a tanki har ranar da za a iya mayar da 'ya'yansu teku. A watan Agustan 2019 gidan kifi na Florida Aquarium ya samu murjani mai siffar ginshiƙi, wanda ya kusa ƙarewa a tekun jihar, ya saki ƙwai a cikin tanki. A Yulin 2023, da ma'aunin zafi a Manatee Bay ya nuna sama da digiri 38, an sake kwashe dubban rassa daga wuraren renonsu a teku aka gudu da su tankunan tudu.

Daga wurinsu na ɗauki dabarar rarrabawa. Murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba ya tsallaka iyaka sai da takarda. Daga 2018 zuwa farkon 2020 Indunusiya ta dakatar da fitar da shi gaba ɗaya, kuma a lokacin duk wanda nasa ya mutu sai dai ya kalli dutse. Yanzu duk murjanin da rassansa suka kai tsawon yatsa a tankunan da nake kula da su, ina neman izinin mai shi in datsi reshe ɗaya tun yana lafiya, in kai ajiya wani tankin a wata unguwa da layin wutarta ya bambanta.